Tukunyar Kabarin da Saloma Ta Gina

Saloma maginiyar tukwane ce a wani ƙauye bayan Zuru. Wurin kakarta ta gaji ginin tukunyar da ake ɗorawa kan kabari, tare da ƙa'ida guda: ba a gina ta sai an yi rashi.

Wata shekara baƙi masu bincike suka zo ganin yadda take koya wa 'yan mata sana'a. Izinin mai gari suka nema, ita ba wanda ya tambaye ta. Suka ce ta gina irin ta kabarin su ɗauki hoto. Ta ji nauyin baƙi, ta gina, jikarta Glory na kwaɓa mata yumɓu.

"Kaka, wannan ta wa ce?"

"Kwaɓa dai, sarkin tambaya."

Baƙin suka yi godiya suka tafi. Tukunyar tana nan bayan rumbu, ba mai ita, ga shi hannun mutum biyu ya taɓa ta, na Saloma da na Glory, kuma tukunyar kabari ba ta daɗewa ba mai ita. Saloma ta hana Glory bi ta wurin. Kullum da safe takan je ta goge tukunyar, ta ce mata a hankali da yarensu na C'lela: "Ke tawa ce. Kada ki dubi yarinyar."