Bakin Kwatar da Ke Ƙarƙashin Tukunyar Yaya Nhan

Kafin masu sayar da kofi su gama jera kujerunsu a bakin titi, Kawu Luom ya riga ya fito. Tsohon kekensa ne, da ƙugiyar ƙarfe ɗaure a jikinsa, da takalman roba har gwiwa. Yana bin layukan unguwarmu ta bakin rafi a nan Saigon, duk inda ya ga bakin kwata sai ya tsaya ya leƙa. In da katako aka rufe ya ɗage, in buhun yashi ne ya ja shi gefe, in tsohuwar tabarmar roba ce ya naɗe ya jingine wa mai ita a bango. Ba ya faɗa, ba ya wa'azi. Maganarsa ba ta wuce, "A yi haƙuri, ruwa zai bi ta nan." A watan nan ya ajiye aiki da kamfanin magudanun ruwa na birni, shi ya sa na ɗauki alƙalami, ko da yake ya roƙe ni kada in yi.

Kowa ya san halin kwatarmu. Bututu ɗaya ne ke kwashe ruwan ban-ɗaki da na wanke-wanke da na sama. Da rani wari ke tasowa ta bakunan, har mai cin abinci ya ajiye cokali, don haka duk mai ɗan shago sai ya nemi abin da zai toshe na ƙofarsa. Da damina kuma, in bututun ya cika, sai ya amayar da abin da ke cikinsa a rafi, ko ya dawo mana da shi cikin ɗakuna. Mu da kanmu muke toshewa, mu ne kuma kan gaba wajen zagin hukuma in ruwa ya shigo.

Ana nan sai aka turo Injiniya Diem, wata matashiya mai ƙaramar murya, da sabon tsari. Za a binne babban bututu a ƙarƙashin titi, a haƙa ƙaton tanki a ƙarƙashin filin ƙwallo. In an yi ruwa mai yawa, maimakon ƙazantar ta faɗa rafi ko ta shigo gida, sai ta gangara tankin ta jira. In sama ta ɗauke, a tura ta wurin tacewa a hankali. An daɗe ana haƙa, mun sha ƙura mun sha taɓo, yara sun rasa filinsu. Ranar da aka gama ta tara mu a zauren unguwa ta ce, "Iyayena, tankin nan ba shi da ƙafa, ba zai zo ƙofarku ya ɗebi ruwa ba. Ta bakunan kwata ruwan zai same shi. Don Allah a bar su a buɗe." Aka ɗora wa Kawu Luom kula da bakunan, tunda ɗan unguwa ne.

To, ga inda gizo ke saƙar. Bakin da ya fi kowanne girma an yi shi ne a ƙarshen layinmu, inda ƙasa ta fi gangara, inda ruwan layukan sama duka ke taruwa. Daidai wurin ne kuma Yaya Nhan ke sayar da romo da taliyar shinkafa tun kafin a haifi yawancinmu. Ma'aikata na juya baya ta kira magini. Ita ba ta yi wasan katako da buhu ba, siminti ta sa aka shafe wurin, aka manna tayil, ta ɗora murhu da tukunyarta a kai.

Yaya Nhan kuwa ita ce babbar yayar Kawu Luom. Yana ƙarami mahaifiyarsu ta rasu, da wannan tukunyar ta ciyar da shi, da ita ta kai shi makaranta. A gidanta ake taron tunawa da mahaifiyar tasu kowace shekara, ita ke dafawa, ita ke cewa wane ya zauna nan, wane ya zauna can. Kansa ya yi fari fat, amma in ta kira shi har yanzu sai ya amsa da "Na'am, Yaya" yana miƙewa tsaye. Saboda haka kullum da safe zai buɗe na kowa, in ya zo ƙarshen layi sai ya ƙara wa keke sauri, idonsa na kan wayoyin lantarki kamar ya ga wani abu a can.

Khoi mai gyaran babur bai bar shi ya sha ruwa ba. Duk sanda ya ɗage masa katako sai ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Kawu, wai ƙugiyar nan taka makauniya ce ta ido ɗaya? Tana ganin katakona, ba ta ganin siminti?"

"A yi haƙuri, ruwa zai bi ta nan."

"Ta nan kaɗai? Ta can ƙasa romo ne zai bi?"

Mutane su kwashe da dariya, shi kuma ya hau kekensa kunnuwansa sun yi ja. Sau da yawa ya je wurin Yaya Nhan da niyyar yi mata maganar simintin. Yana zama ta tura masa kwano, ta ƙara masa nama, ta ce ya rame. Sai ya ci ya tashi bai ce komai ba. Da damina ta matso, Injiniya Diem ta tare shi a hanya ta ce, "Kawu, duk a buɗe suke ko?" Ya ce, "Ana kai, 'yata." Ta yarda da shi, ba ta je ta duba ba.

Ruwan farko mai ƙarfi da la'asar ya sauko, kamar da bakin ƙwarya. Kafin a ankara ƙarshen layi ya zama tafki, baƙin ruwa mai wari ya haura dakali ya shiga gidaje. Ya jiƙa buhunan shinkafa, ya ɗaga takalma da kujeru yana yawo da su. Matar Khoi na jego a lokacin, a kan tebur aka ɗora ta da jaririnta, ruwan na wucewa ta ƙasa. Tankin da aka haƙa dominmu kuwa, da aka leƙa, ko rabi bai yi ba.

Washegari zauren unguwa ya cika maƙil. Ba na son tuna abin da aka gaya wa yarinyar nan. An ce tankinta ramin ƙarya ne, an ce ta koma makaranta, an ce a kai ƙararta a cire ta. Wata tsohuwa ta ajiye mata jiƙaƙƙen filo a gabanta ta ce ta shinshina. Tana tsaye da takardun zanenta a hannu, tana cewa za ta bincika. Abin kunyar shi ne, rabin masu ihun sun san inda simintin yake. Amma yarinya baƙuwa ta fi sauƙin zagi a kan tsohuwar da kowa ke cin romonta. Har Khoi, mai bakin nan, ranar bai ambaci siminti ba.

Kawu Luom na can baya, hularsa a hannu. Sai aka ga ya miƙe.

"Ku ƙyale ta. Aikinta lafiya lau yake. Babban baki ne a toshe, na ƙarshen layi. Na sani tun ranar da aka toshe shi. Ta tambaye ni, na ɓoye mata. Laifina ne."

Bai kira sunan kowa ba, amma duk kawuna suka juya wuri ɗaya. Yaya Nhan ta tashi a hankali, ta gyara rigarta, ta fita ba ta kalle shi ba.

Da safe ya zo da guduma a bayan keke. Kowa ya zaci zai hau fasawa, tunda yana da ikon aiki. Bai yi ba. Ya ajiye gudumar a ƙasa, ya tsaya gaban tukunyar, ya harɗe hannuwansa a ƙirji ya sunkuyar da kai, yadda ake koya wa yaranmu su yi in za su nemi gafarar babba. Dattijo mai jikoki, a tsakiyar titi, masu babura na ratsa shi.

"Yaya, ina neman izini."

Ta ci gaba da yanka albasa.

"Yaya, ruwan nan zai dawo."

"Wa ke magana?" ta tambayi wata mai cin taliya. "Ni dai ba ni da ƙane. Wanda na goya a bayana ba zai tsaya a gaban unguwa ya tuɓe mini zane ba."

Haka ya tsaya, rana ta take, gumi na bin wuyansa. Masu zuwa cin abinci suka kasa haɗiya, wasu suka biya suka tafi da sauran romo a kwano. Khoi ya kawo masa kujera, ya ƙi zama. Sai da hadari ya fara haɗowa ta gabas sannan ta ɗaga kai ta dubi sama. Ta sa tsumma ta sauke tukunyar da kanta, ta ja murhun gefe, ta shige gida ta rufo ƙofa. Ba ta ce fasa ba, ba ta ce kada ka fasa ba. Ya ɗauki guduma. Waɗanda ke kusa sun ce yana dukan simintin hawaye na zuba, bai tsaya sharewa ba.

Ruwan ranar ya fi na farko. Muna tsaye a ƙofofi muna kallo yana murɗawa yana shigewa ta bakin nan, bai wuce idon sawu ba a layin. Tanki ya cika ya riƙe, rafi bai yi baƙi ba. Tun daga ranar ba a sake ɗora mai jego a kan tebur a unguwarmu ba.

Sai dai shi ya biya abin da mu ba mu biya ba. Rani na shigowa wari ya taso daidai ƙofar Yaya Nhan, masu cin romo suka ragu, ta koma zaman korar ƙudaje. Daga baya Injiniya Diem ta samo murfi mai ɗan marfin ciki, wanda ke buɗe wa ruwa ya rufe wa wari, ta fara sa shi a ƙofar tsohuwar. Ciniki ya dawo, amma magana ba ta dawo ba. Ranar tunawa da mahaifiyarsu ta zo, ba a aika masa ba. Ya sa fararen kaya, ya sayo ayaba da turare, ya tsaya a bakin ƙofa yana jin ƙarar kwanuka da muryoyin dangi. Ba wanda ya isa ya ce masa shigo. Ya ajiye ayabar a dakali ya tafi. Da shekara ta zagayo haka aka sake yi.

Da na ce masa zan yi rubutu a kansa, sai ya ɓata rai. Ya ce, "Me za ka rubuta? Na bari an zagi 'yar mutane. Na bari ƙazanta ta shiga ɗakin jariri. Sannan na kunyata wadda ta raine ni. Duk inda na juya kunya ce."

Na ji, Kawu, amma ba zan fasa ba. Kai ne ka ji kunya lokacin da unguwa guda ta haɗiye tata ta yi ihu. Kai ne ka miƙe a bayan zaure alhali ba wanda ya nuna ka da yatsa. Kana da guduma, kana da izinin hukuma, amma ka harɗe hannu ka tsaya a rana, don ba ka yarda gaskiya ta sa ka raina yayarka ba. Mai buɗe wa ruwa hanya, mun daɗe muna toshe hanci in ka wuce, alhali warin namu ne kake kwashewa.

Kwanaki kaɗan da ajiye aikinsa, da safe, na ji hayaniya a ƙofar Khoi. Na leƙa sai ga Yaya Nhan, da ɗan doron nan nata, riƙe da ƙarfen da take tona garwashi, tana ta fama da wani katako. Ashe Khoi ya ga mai ƙugiya ya tafi, ya mayar da abinsa, wai murfin bai gama tare masa wari ba.

"Haba Goggo, ke ma?"

"Ni ma, ɗan banza! Ka manta a kan tebur ɗanka ya yi kwanan jego? Ɗauke mini shi kafin in ɗauke maka haƙora. An fasa mini tayil a banza ke nan?"

Khoi ya ɗauke yana sosa ƙeya. Ta juyo ta gan ni, ta harare ni sama da ƙasa.

"Kai mai rubuce-rubuce, in ka ga wancan mai taurin kan, ka ce masa ranar tunawa da Inna jibi ce. Ya zo da wuri, akwai kaji da za a fige. Kuma ayabar bara ɗanya ce, ya buɗe ido in zai saya."

Mun gode, Kawu Luom. Allah ya ba ka hutu mai daɗi da ƙafafu masu lafiya. Ku kuma jama'a, kafin ku zagi mai tanki da mai bututu, kowa ya fita ya dubi abin da ya ɗora a bakin kwatar ƙofarsa, in kuma gaskiyar ta biyo ta cikin gidanku, ku faɗe ta yadda ya faɗa.

Na kai masa saƙon Yaya Nhan yana zaune yana goge kekensa. Ya ajiye tsumman ya tambaye ni, "Ta ce ayabar bara?" Na ce haka ta ce. Sai ya ce, "Ashe tana shigar da ita ciki."