Hular Baba a Ƙofar Kulob Ɗin Golf

"Oga, sai ka cire hula kafin ka shiga."

Haka mai gadi ya ce wa Babana jiya a ƙofar zauren wani kulob ɗin golf a nan Fatakwal. Wai dokarsu ce, ba a shiga ciki da hula.

Tun da na yi wayo ban taɓa ganin kan Baba a buɗe cikin mutane ba. A wurinmu dattijo ya tsaya ba hula, ai kamar an tuɓe shi ne. Na ga ya ɗaga hannu a hankali ya taɓa hular, sai ya tsaya. Wallahi raina ya ɓaci, har na ce mu juya gida.

Sai ga Cif Emeka, tsohon abokin Baba da ya gayyace mu walimar kofin da ya ci. Da ya ji abin da ake ciki, ya koma mota ya ɗauko jar hularsa ta sarauta ya kafa.

Ya dubi mai gadi ya ce, "Ɗana, Bature cire hula ne girmamawarsa. Ni da Alhaji, sakawa ce tamu. Yanzu mun zama biyu, wa za ka fara korewa?"

Mai gadi ya yi dariya ya buɗe ƙofa.

Cif, Allah ya saka da alheri, ka rufa wa tsohona asiri.

Ni na yarda a hana takalmin da ke ɓata musu ciyawa. Amma jama'a ku gaya mini, me hular Baba ta yi wa ciyawa?