Ranar da Falalu Ya Zama Bakin Masu Hatsi

A layin masu kayan gwari na kasuwar Ringim babu wanda bai san Falalu ba, kuma ba don tumatirinsa ya fi na kowa kyau ba ne. Baki ne da shi. Tun yana yaro yana bin mahaifinsa fadama yake musu, ya yi da sa'o'insa, ya yi da yayyensa, har mahaifiyarsa takan ce da za a bar shi da jakin gidan ma sai ya ja da shi. Ya girma ya gaji rumfar mahaifinsa, ya tara iyali, furfura ta fara leƙo gemu, amma hali yana nan. Hanyarsa ɗaya ce: ya ɗaga murya, ya katse mutum, ya tono masa wani tsohon abin kunya a kwashe da dariya, shi ke nan ya ci. Mutane ba gamsuwa suke yi ba, gajiya suke yi, sai dai Falalu bai taɓa bambance biyun ba. Duk maganar da ta taso wa masu gwari shi ake turawa, kuma wannan matsayi ya fi masa rumfar kanta daraja.

Maƙwabcin rumfarsa Sadisu mai albasa ƙaninsa ne nesa ba kusa ba, mutum ne da sai ya yini ba a ji bakinsa ba in ba ciniki yake ba. Wata shekara ya fara zuwa karatu zauren Malam Habibullahi bayan la'asar. Malamin yana da al'ada idan an zo kan mas'alar da malamai suka yi saɓani: ya raba ɗalibai gida biyu, amma ba ka da ikon mayar wa mutum martani sai ka fara faɗin hujjarsa da bakinka, har ya yarda cewa abin da yake nufi ke nan. In an gama kuma sai a yi musanya, kowa ya kare abin da ya soka ɗazu.

Da Sadisu ya fara kawo wannan ɗabi'a kasuwa, Falalu ya sami abin tsokana. Ya ce wannan ai taya abokin gaba faɗa ne. Amma a hankali ya lura idan gardama ta kaure, shi ake bari ya gama kumfar baki, sannan fuskoki su juya wajen mai albasa. Abin ya ci masa rai ƙwarai. Yaron da shi ya koya masa yadda ake zuba kaya a faifai! Ya kai ga in ya ji an ce "bari mu ji ta bakin Sadisu" sai ya ji abincin ranar ya fita daga ransa. Matarsa Hamida ta ce masa hassada ce kawai, ya yi ta musu da ita har tuwo ya huce.

Ana nan sai rigima ta tashi tsakanin masu gwari da masu hatsi a kan wurin lodi na bakin titi. Kowa yana son motarsa ta tsaya nan, dattawan kasuwa suka sa ranar zama. Falalu har ya ba da babbar rigarsa guga. Sai ga shugaban masu gwari Alhaji Abdulbaƙi ya tara su, ya yi 'yan kame-kame, ya ce bana Sadisu ne zai yi magana. Falalu ya yi murmushin da ya fi kuka ciwo.

Sadisu ya ce ya karɓa, amma yana da roƙo. Kafin ranar yana son wani ya tsaya a matsayin masu hatsi ya ja da shi iya ƙarfinsa, kamar yadda suke yi a zaure. Bai rufe baki ba Falalu ya miƙe. Ga dama ta kawo kanta: zai kayar da shi a gaban kowa, a gane wanda ya kamata a tura.

A rayuwarsa bai taɓa shirya wa musu ba sai wannan karon. Ya je layin masu hatsi kamar mai neman gero, ya zauna ya saurare su, shi da bai iya sauraro ba. Ranar gwajin bai ɗaga murya ba, don ya san ba ta cin Sadisu. Ya ce wurin na masu hatsi ne tun iyaye, Sadisu ya maimaita, ya amsa. Ya ce ruɓaɓɓen tumatir zai cika bakin titi da wari da ƙuda, Sadisu ya ɗan yi tangal-tangal. Sannan ya saki wadda ya ɓoye.

"Kayanku na lokaci ne, namu na shekara. Da wane dalili za a ba mai 'yan watanni wuri, a kori wanda yake nan rani da damina?"

Sadisu ya maimaita maganar tsaf, sannan ya ce, "Yaya Falalu, wannan ba ni da amsarta."

Falalu ya koma gida yana jin kamar an yi masa bushara. Ya jira a aiko a ce an canza shawara. Ba a aiko ba.

Ranar zama yana can baya sanye da rigar da aka goge. Wakilin masu hatsi ya tashi ya jero hujjojinsu, kuma ga mamakin Falalu, su ne dai nasa, har da ta ƙarshen. Sadisu ya miƙe ya ce gaskiya suka faɗa, don haka masu gwari ba sa neman wurin dungurungum. Safiya kawai suke roƙo, a lokacin kakar gwari, domin buhun dawa zai jira azahar bai canza ba, kwandon tumatir kuwa in rana ta taɓa shi ya tashi daga aiki. Shara kuma a wuyansu. Masu hatsi suka dubi juna, dattawa suka amince.

Falalu ya ji komai, ya kuma gane komai. Da shi aka tura da wurin gaba ɗaya zai nema, da kuma sun dawo hannu rabbana. Da Sadisu ya tafi ba gwaji, da tambayar nan ta kayar da shi a gaban dattawa. Shi da kansa ya wasa masa wuƙar.

Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne godiyar. A gaban jama'a Sadisu ya kama hannunsa da hannu biyu ya ce, "Wallahi Yaya, da ba ka kayar da ni ranar nan ba, da yau mun sha kunya." Falalu ya lalubi ba'a a cikin maganar don ya sami abin kamawa, bai samu ba. Nan take Alhaji Abdulbaƙi ya yanke cewa daga yau duk inda za a tura Sadisu, sai ya fara bi ta hannun Falalu.

Haka ake yi har yanzu. Hamida ta ce masa in abin yana damunsa ya ƙi zuwa mana, ko ya je ya sassauta. Ba zai iya ba. Duk ranar da aka kira shi sai ya shirya fiye da na baya, yana cewa wannan karon sai ya kai shi ƙasa yadda ba zai tashi ba. Yakan kai shi ƙasan kuwa. Washegari Sadisu ya tafi wajen zama, shi kuma ya tsare masa rumfar albasa har ya dawo.