Hotunan Wani Cikin Ordinatar Ɗiyata

Shekarar da ɗiyata ta samu shiga babbar makaranta a Parakou, na saya mata ordinatar ta hannu, wato kwamfuta, wurin wani direba mai ɗauko kaya daga Kwatano. Ni lodin albasa ne aikina, ban san kan abin ba. Ita ta kunna ta a tsakar gida, sai na ji ta kira ni.

"Baba, zo ka gani."

Hotuna ne. Maza cikin kakin soja, wasu riƙe da bindiga, wasu na cin abinci bakin mota. Ga taswira, ga takardun faransanci masu hatimi. Sojan wace ƙasa, ban sani ba. Na koma ma direban, ya ce shi ma saye ya yi, yana magana yana duban tayar motarshi.

Lokacin an rufe gadar iyaka ta garinmu, jandarmomi na tsaida motoci a hanyar kudu suna buɗe jakunkuna. Ɗiya mace ita ɗaya, daga bakin iyaka, da hotunan soja cikin jaka. Wa zai saurari bayaninta?

Na kai ordinatar wurin wani mai gyara a bakin tasha, dattijo mai tabarau. Ya ce wanke ta za a yi, a share komi, a zuba sabon sistem, wato abin da ke sa ta aiki. Wanki iri biyu ne, in ji shi, gajere da dogo. Gajeren, wanda ya iya yana maido da abin da an ka share.

"Ashe kuna maidowa," na ce. "Yi dogon."

Ya ɗauko wani ɗan kile, ɗan ƙarfen nan na ajiyar bayanai, zai soka mata a gefe, na riƙe mishi hannu.

"Mi za ka kwasa?"

"Alhaji, zubawa zan yi, ba kwasa ba."

"Ban je Makka ba. Zuba ina gani."

Tun hantsi nake zaune ina kallon wani layi bisa allon ordinatar yana jan jiki kamar tirela a gada. Ya ce in tahi in ci abinci, na ƙi. Azahar ma bakin ƙofar shagon na yi ta. Bayan la'asar ordinatar ta kawo haske, fayau, babu soja ko ɗaya.

"Ina su ka tahi?"

"Babu inda su ka tahi. An rubuce wurin da suke."

Ban yarda ba. Na share sito ya fi a ƙirga, kuma ko ka wanke shi da ruwa warin albasa na nan.

Washegari na hau zem, babur ɗin haya, zuwa Guéné, wurin wani mai gyaran da bai san ni ba. Na yi mishi ƙarya, na ce hotunan iyalina ne su ka ɓace, ya nemo su ko nawa ne. Ya daɗe yana latse-latse, sannan ya ce in yi haƙuri, wanda ya wanke ta bai bar komi ba. Na ɓata fuska don kada ya ga daɗin da na ji. Har na kai ƙofa ya ce, "Mai tabarau na bakin tasha ne ko? Na gane hannunshi, tare mun ka yi koyo."

Daɗin ya tsaya nan. Wa zai tona ma abokin koyonshi asiri?

Ranar tahiya na bar lodi na shiga mota tare da ɗiyata, ordinatar bisa cinyata. A shingen farko jandarma ya ce ta wa ce. Na ce tawa. Ya dubi hannuwana, ya ce to, kunna. Na rasa inda ake dannawa, ɗiyata ta miƙo yatsa ta danna. Ya leƙa nan, ya leƙa can, ya miƙo mini abata.

Sai da mun ka sauka Parakou na ba ta ita. Har yau in ta kira, bayan gaisuwa nakan tambaya ko wani abu ya fito. Takan ce, "Baba, babu komi." Nakan ce ta dai riƙa dubawa.