Wayata Mai Kukan Jaki

Wayar da na saya a kasuwar Madawa ba abin nuna wa mutane ba ce. Na je ne da niyyar ɗauko mafi araha cikin masu shafawa, don shugabarmu a ɗakin wanki na asibitin mishan ta koma aiko mana da saƙon aiki ta waya, tsohuwar tawa mai maɓallai kuwa ba ta san wannan zance ba. Mai shagon yana jera mini manya-manya ina ture su gefe, har ya gaji ya jawo wata daga ƙarƙashin tebur ya ce, "To, ga daidai ke." Na ji haushin maganar, amma na saya.

An ce araha ba ta ado, kuma ban ga ƙarya ba. In na taɓa ta sai ta tsaya tunani kafin ta amsa. Hotonta kuwa kowa fari fat yake fitowa kamar ya kwana a gidan niƙa, har mijina da yake baƙi wuluk. Cikinta kullum a cike, sai na share hotunan biki kafin in sami wurin na suna. Abu biyu kaɗai ta iya: batirinta ba ya saurin mutuwa, sannan tana da baki. Ina barin muryarta a ƙure saboda ƙarar injin wanki, sai in manta ban rage ba. Wata Lahadi fasto yana tsakiyar addu'a, kowa ya sunkuyar da kai, sai ta ɓarke daga cikin jakata. Ranar matan zumunta suka raɗa mata suna Jaki. Na yi fushi na mako guda, daga baya ni ma na koma kiranta haka.

A lokacin babbar damuwata ba waya ba ce, Inna ce. Mahaifiyata tana ƙauyenmu kusa da Dewule, a gidan da mahaifinmu ya rasu ya bar ta, tare da ɗan baffanmu da matarsa. Ƙanena, autanta, ya tafi Abijan biɗa tun gemu bai fito masa ba. Ya yi aure a can, ya haihu, dawowa ta yi wuya. Da farko suna gaisawa ta waya, sai kunnen Inna ya fara nauyi tun yana saurayi. Na kawo ta asibiti aka duba, aka ce tsufa ne. Ƙanen nawa ya aiko mata da wata siririyar waya mai sheƙi, irin wadda ake riƙewa da hannu biyu. In ya kira sai ta kara a kunne, ta jira, ta jira, sannan ta miƙa wa wanda ke kusa ta ce ba kowa a ciki. Daga nan sai wani ya saurara ya kwarara mata saƙon a kunne.

Sannu a hankali Inna ta sa a ranta cewa yaron ya mutu muna ɓoye mata. Ba laifinta ba ne. Shekarar da yayarta ta rasu a Ibohaman, Inna tana kwance ba lafiya, mazan gidan suka hana a gaya mata sai bayan an gama girbi. Duk tsawon lokacin ana kawo mata gaisuwar matar da ke cikin ƙasa. Tun daga nan ba ta ƙara yarda da gaisuwar da ta biyo ta bakin wani ba.

Na nuna mata hotonsa da 'ya'yansa. Ta duba ta ce, "Hoto? Ai ko matacce na da hoto." Na rantse mata, na yi faɗa, har na yi kuka. Sai ta dafa ni ta ce, "Na jiya, ɗiyata. Allah shi yi miki albarka." Wannan amsa ta fi zagi ciwo, don na san lallashina take yi. Ta rage cin abinci. Kowace Juma'a sai ta sa a dama fura a raba wa yaran unguwa, ba ta ce ta mece ce ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Bayan girbin bara na sami hutu na tafi gida. Da hantsi muna zaune a inuwar rumbu, Inna tana ɓarar wake, jakata tana rataye a jikin danga, sai mijina ya kira. Kamar kullum na manta ban rage murya ba. Kaji suka watse. Na zabura ina zagin wayar a raina, sai na ga Inna ta ɗago kai ta juya daidai wajen dangar.

"Mi ka kuka haka?" ta ce.

Na tsaya da jakar a hannu. Matar da sai an sa baki a kunnenta, ita ce ta ji abu daga nesa. Ban ma amsa wa mijina ba, na kashe, na shiga neman ƙanena. Wayar ta yi tunaninta da ta saba, rezo, wato sabis ɗin waya, yana zuwa yana tafiya. Da ya ɗauka na ce masa, "Kar ka gaishe ni. Ga Inna, ɗaga murya." Na buɗe lasifikar har ƙarshe na manna mata a kunne.

"Inna! Ni na, autanki! Kin tashi lahiya?"

Har maƙwabta sun ji. Inna ta saki waken da ke hannunta. Fuskarta ta canza, amma ba murna na gani ba, tsoro ne. Ta ture wayar ta dube ni.

"Wanga ba shi na ba. Muryar ubanku ta."

Sai a lokacin na lura. Ni ina jin muryarsa kullum, ban ga lokacin da ta yi kauri ba. Ita kuwa muryar saurayi ta bari a kunnenta, yau ga magidanci yana mata magana da muryar mijinta da ya rasu. Na ce, "Inna, girma ya yi. Tambaye shi abin da kika so."

Ta karɓi wayar da kanta, ta riƙe ta da ƙarfi kamar muciya. "In kai na, hwaɗa mani, mi na ƙulla maka a bakin zane randa za ka tahi?"

Ya yi dariya. "Gari da barkono, Inna, da allurakki guda. Kin ce in riƙa ɗinke wandona da kaina, kak in ba mutane kunya."

Matar ɗan baffanmu ta fito da tsintsiya a hannu, tsofaffi biyu sun leƙo ta kan danga. Sannan Inna ta buɗe baki, da irin muryar da take kiran mu daga gona muna yara.

"Ɗan banza! Damana biyu ina yi maka sadaka!"

Aka kwashe da dariya, ni ina dariya hawaye na zuba. Ta yi masa faɗa son ranta, ta tambayi 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, ta sa aka kawo su suka gaishe ta. Da rana ta cinye tuwonta ta nemi ƙari.

Na bar wa Inna Jaki, na koma bakin aiki ba waya. Ranar kasuwa na sake zuwa wurin mai shagon nan, ya fara jawo manyan, na ce ya hutar da kansa, ya ba ni 'yar'uwar waccan. Ita ce a hannuna yanzu, da nawarta da farin hotonta, kuma ban taɓa sayen abin da ya biya ni kamar ta farkon ba.

Jaki tana can Dewule cikin kwanon goron Inna. In ta yi kuka duk unguwa ta san Abijan ce, ba sauran asiri a gidanmu. Furar Juma'a ma ba a daina ba. Da na tambayi Inna dalili sai ta harare ni ta ce yaran sun saba, kuma wanda ya mayar mata da ɗanta ai ya cancanci a gode masa.