Gwiwar Malam Idi da Katakon Bature

Har gobe ban manta da ranar da aka ɗaura wa Malam Idi katako a ƙafa ba, kuma duk sanda na tuna sai raina ya ɓaci.

A shekarun da harkar man fetur ta buɗe a Libiya, ina lebura a wani kamfanin safiyo a Sabha. A unguwar Hajara muke kwana, da safe mota ta kwashe mu zuwa wajen Wadi Bawanis inda ake awon hanya. Aikinmu ɗaukar sandar awo: ka je can nesa ka kafa ta, injiniya ya leƙa ta na'ura, ya ɗaga hannu ka ƙara gaba. Ƙafa tana nutsewa cikin yashi, sai rana ta take aiki bai je ko'ina ba.

Injiniyan Bature ne daga ƙasashen sanyi. Ya dawo daga hutu da wasu katakai biyu dogaye sirara da sanduna biyu, irin waɗanda suke zamiya da su kan ƙanƙara a garinsu, wai zai gwada ko za su rage mana nutsewa. Helumanmu Sale, wato shugaban leburori, shi ke fassara. Bature ya nuna mana tafiya iri uku. In a hankali ne, ka tura ƙafar dama da sandar hagu, sannan ka sauya. In ka ƙara sauri, ka soka sandunan a ƙasa tare, ka duƙa ka tura da ƙarfin ciki da baya. In gudu ne, ka ware bakin katakan, kana jefa nauyinka daga wannan ƙafa zuwa waccan. Ya ce ta ƙarshen nan gwiwa take ci, don haka duk wanda ya ji ciwo ya faɗa a tsaya.

Sale ya zaɓi Malam Idi, dattijo mutumin Damagaram, wanda ƙafafun nan nasa su ke ciyar da iyalinsa a gida.

Tafiyar farko lafiya lau. A ta biyu katakon ya riƙa cijewa, don yashi ba ƙanƙara ba ne. Idi ya dawo yana ɗingishi, gumi sharkaf. Bature ya tambaya ko da ciwo. Idi ya ce, "Alhamdu lillahi."

Kun dai sani, dattijon Bahaushe ba ya cewa wash a gaban yara da baƙo, sai dai ka karanta a fuskarsa. Bature bai san haka ba. Sale kuwa ya sani sarai.

Na ce, "Heluma, Baba fa ya ji ciwo, ka gaya wa mutumin nan."

Ya galla mini harara. "Kai aka tambaya? Shi da bakinsa ya ce lafiya."

Mudir, manajan kamfanin, yana zaune a mota yana kallo, Sale kuma so yake a ce mutanensa ba sa gajiya. Sai Sale ya ce wa Bature a ci gaba.

A ta ukun, kan gangaren wani tudu, katako ɗaya ya kafe. Jiki ya juya, ƙafa ba ta juya ba. Daga inda muke tsaye muka ji ƙarar gwiwar. Ko a nan salati kawai Idi ya yi.

Bature ya rugo a guje yana ta faɗa, me ya sa bai yi magana ba? Wannan kam Sale ya fassara ta tsaf, bai rage ko harafi ba! Wallahi ji na yi kamar in shaƙe shi.

An kai Idi asibiti, amma gwiwa ba ta koma daidai ba, kamfani kuwa ba ya riƙe mai ɗingishi. Aka sallame shi. Ni na raka shi inda ake shiga motar Agadas, yana dogara ɗaya daga cikin sandunan nan da Bature ya bar masa.

Na ce, "Baba, don me ba ka faɗa ba?"

Ya ce, "Ɗana, ai Sale yana kallona. Na ɗauka ya gani."

Daga baya ni ma na zama heluma, kuma abin da nake gaya muku ku masu tasowa ke nan. Mutanenmu ba sa kai kukan jikinsu da baki, wanda aka ɗora a kansu shi ne bakinsu. Ni dai tun daga ranar, in na aiki mutum ya dawo, kafin in saurari amsarsa sai na kalli ƙafarsa.