Maɓallai Biyar na Halimatou

Kullum ƙarfe shida na safe Halimatou Mounkaila na tsaye tana jiran bas a Vaulx-en-Velin, gefen birnin Lyon na Faransa. Shekara ashirin da uku tana aiki a wani gidan kula da tsofaffi a Villeurbanne: ta yi musu wanka, ta canza zanen gado, ta ba su abinci a baki. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Ni zan jinjina mata, kuma ni ne na fi kowa rashin bakin yin haka.

Bara waccan wani ya turo bidiyo a waya: Halimatou da ɗankwalinta zaune gaban fiyano tana kaɗawa. Ban tambayi kowa komai ba. Ranar taron ƙungiyar 'yan ƙasarmu na miƙe na ce, mace mai jikoki ta zama makaɗiyar Turawa, me za mu gaya wa 'ya'yanmu? Aka gyaɗa kai. Daga ranar mata suka daina kiranta suna da biki. 

Bana na je gidan tsofaffin don duba wani dattijonmu da ciwon ƙafa ya kwantar. A ɗakin cin abinci na ga fiyanon, an manna filasta a kan fararen maɓallai biyar. Abokiyar aikinta Leïla ta ba ni labarin. Akwai wata tsohuwa 'yar Japan, Madam Sachiko, da aure ya kawo Lyon tun tana yarinya. Mantuwa ta cinye mata Faransanci kaf, ta daina gane kowa, ta ƙi abinci. Likita har ya fara maganar sa mata roba ta hanci. Halimatou ta kira ɗan tsohuwar a Paris, ta tambaye shi abin da uwar ke so da can. Ya ce kiɗan ƙasarsu, wanda ake yi da sauti biyar kawai: mi, fa, la, si, do. Ta waya ya ƙirga mata maɓallan ta manna filasta. Ita da ba ta taɓa sanin fiyano ba, ta yi ta hawa da sauka da yatsa ɗaya a lokacin hutunta. Kwana na huɗu tsohuwar ta buɗe baki ta karɓi abinci.

Leïla na barina sai ga Halimatou ta turo tsohuwar a keken marasa lafiya. Na so in zame, ta riga ta gan ni.

"A'a, Malam Amine! Kallon makaɗiya aka zo?"

Na ce, "Hajiya, ni dai..."

"Bar wannan 'ni dai' ɗin. Hannuna biyu ne. Riƙe cokali. In na kai maɓalli na biyar za ta buɗe baki, sai ka sa. Kada ka cika shi, ba tuwon gidanku ba ne."

Ta fara kaɗawa. Sautin sanyi gare shi, kamar mai tambaya a hankali. A na biyar tsohuwar ta buɗe baki. Cokali goma sha ɗaya na ba ta.

Halimatou, ke ce kika ciyar da uwar wani wadda ba ta san sunanki ba, mu da muka san sunanki muka hana ki tabarmarmu. Ra'ayina kan kiɗan shashanci yana nan inda yake. Amma na yanke hukunci ban bincika ba, kuma sunan wannan zalunci. A gaban jama'a na ci mutuncinki, a gaban jama'a nake roƙon ki yafe mini. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri.

Ku da kuka gyaɗa kai ranar nan, ku je ku gaishe ta, ku koyi aikinta. Na tambaye ta wa zai kaɗa wa tsohuwar in ta tafi. Ta ce, "Filastar na nan, Malam. Yatsa ɗaya ya isa." Gidan na karɓar masu taimako. Ni na ɗauki ranar Talata, kuma har yanzu ina kuskuren maɓalli na huɗu.